Kiwon Sauro a Gidan Tela

Litinin, 11 ga Agusta, 2025

Idan har wannan littafi ya faɗa hannun wani, ina neman afuwarsa tun daga farko, domin ban rubuta shi don in ɗora wa kowa wahalar karatu ba. Na rubuta ne saboda abin da ya same ni yau ya fi ƙarfin in riƙe shi a ciki, kuma matata Indo ta rantse idan na sake maimaita mata labarin za ta bar mini tuwo a tukunya ta shiga maƙwabta.

Na je Kalgo kai wa wani malamin makaranta ɗinkinsa. A hanyar Wurogauri na hangi wata mace da takalmin ruwa, tsugune a bakin gonar shinkafa, tana ɗiban ruwa da farin ludayi mai dogon hannu tana leƙawa. Na roƙi mai babur ya tsaya. Sunanta Dakta Esta, mutuniyar Zuru ce, daga wata jami'a suka zo ita da abokin aikinta Malam Elisha. 'Ya'yan sauro suke kamawa, tsutsotsin nan da ke wutsil-wutsil a ruwan da ya kwanta. Za su rene su har su zama sauro, sannan su gwada ko maganin da ke jikin gidan sauron da muke kwana a ciki yana kashe su har yanzu.

Shekara biyu ina faɗin wannan magana a Gwandu ana yi mini dariya! Da idona na ga sauro ya sauka a kan sabon gidan sauro, ya huta kamar baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma, ya tashi lafiya ƙalau. Takardun faɗakarwar da na tara, na asibiti da na cikin kwalin magani, duk sun ce zai mutu. Bai mutu ba. Ni tela ne, da akwai huda a gidan sauron 'yata Sadiya da na gan ta. Amma yarinya ce mai juyi, da zarar hannunta ya jingina da ragar sai su same ta daga waje, a tsanake. Kowace damina zazzaɓi sai ya kayar da ita, bara har da jijjiga. Shekararta shida: ta wuce shekarun maganin da ake rabawa gida-gida a damina, allurar rigakafin da aka fara a jiharmu kuwa ta jarirai ce. Gidan sauro kaɗai ya rage mata.

Dakta ta saurare ni har ƙarshe, ba ta duba agogo ba. Ta ce yanzu masu bincike sun fito da sabon gidan sauro mai magani iri biyu, kuma wuraren da aka tabbatar tsohon magani ya daina aiki su ne ke da hujjar neman sa. Garinmu ba ya cikin tsarinsu na bana. "Amma Malam Abdulbaƙi, in ka kawo mana sauron garinku da rai, mata kamar ɗari, ranar Talata ashirin da shida ga wata, zan gwada su." Gobe za su wuce wata ƙaramar hukuma, sai ranar za su dawo. Ta ara mini ludayi, da ɗan bututun roba na tsotso su, da ƙarfen keji.

Na amsa kafin in yi tunani. Wannan ba halina ba ne.

Talata, 12 ga Agusta

Na ɗinka wa kejin riga da farar raga wadda babu magani a jikinta, na yi mata dogon hannu kamar na jamfa, inda zan riƙa zura hannuna in ɗaure. Ɗinki biyu na bi kowace kusurwa. Na zaɓi ɗakin baƙi domin ya fi sanyi, kuma ba a taɓa kunna maganin sauro a cikinsa ba tun da aka yi masa farar ƙasa.

Indo ta tsaya a ƙofa, hannu a ƙugu. "Malam, shekara nawa kana hana ni aje ruwa ko cikin murfin tulu, yau kuma kai ad da kiwonsu?" Na fara yi mata bayani. Ta ce ta ji jiya.

Alhamis, 14 ga Agusta

Maƙwabcina Atiku, manomi, ya kai ni fadamar Maruda a babur ɗinsa. Ga ilimin da Malam Elisha ya ba ni, kuma yau na tabbatar da shi da idona: ɗan sauron da ke kawo zazzaɓi kwanciya yake yi a miƙe a saman ruwa, kamar tsinken ashana, wanda ya rataye kai ƙasa na wani iri ne, ba shi muke nema ba. Subhanallahi! Tun ina yaro nake ganin waɗannan abubuwa, ban taɓa sanin dangi biyu ba ne. Kuma ba a yi musu inuwa, nan take suke nutsewa. Sai mutum ya fuskanci rana, ya sa ludayi a karkace, ya yi haƙuri.

Atiku kuwa yana zaune a kan kunya yana cin gyaɗa. "Tela, in sun yi ƙiba ka aje man guda na layya." Na gaya masa abin da Dakta ta ce, wai maganin feshin gona da na jikin gidan sauro akwai waɗanda 'yan gida ɗaya ne, ruwan sama ya wanko shi cikin kududdufi, 'ya'yan sauro su tashi a ciki, masu rauni su mutu, masu taurin rai su hayayyafa. Ya daina tauna. "To in bar tsutsa ta cinye man shinkafa don sauro shi ji daɗin mutuwa?" Zan tambayi Dakta.

Juma'a, 15 ga Agusta

'Ya'yan sauron suna cin garin biskit, ɗan kaɗan a bakin allura. Idan ya yi yawa ruwan ya ɓaci.

Lahadi, 17 ga Agusta

Yau na ga abin da ban yi zaton zan gani ba a rayuwata. Idan tsutsar ta ƙoshi sai ta naɗe kamar waƙafi, ta daina ci. Da hantsi ina duban ɗaya daga cikinsu, sai bayanta ya tsage, sauro ya fara zarewa daga ciki a hankali, fari fat, kamar mai cire matsattsiyar riga. Ya tsaya a kan ruwa da ƙafafunsa, ruwan bai ɓule ba, ya jira fukafukansa suka bushe. Na ƙwala wa Indo kira, ta zo a guje da muciya a hannu tana zaton gobara ce.

Na nuna mata yadda ake bambanta su. Namiji yana da gashin baki buzu-buzu, kuma ba ya cizo, ruwan furanni ya ishe shi. Macen ce ke neman jini saboda ƙwai. Indo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe ko wurin sauro mace ka wahalar ɗiya." Ta koma madafa. Da yamma na tarar ita ce ta sake musu audugar ruwan sukari ba tare da na ce ba.

Talata, 19 ga Agusta

Yaya Fatima ta zo daga Dalijan, babu sanarwa, da niyyar mako guda. Ita ta goya ni bayan rasuwar Inna, ita ta kai ni wurin koyon ɗinki. Ɗakin baƙi nata ne ko da sarki ne a ciki. Ina shago lokacin. Indo ta yi dabara ta kwashe robobin tsutsa da keji ta kai ɗan lungun da ke tsakanin ɗakin da rumbu, ta lulluɓe da tsohon zane. Na duba, lafiya suke, matan sun kusa cika adadi. Ban gaya wa Yaya ba. Da wane baki zan ce wa wadda ta rene ni sauro ne ya riga ta ɗaki?

Laraba, 20 ga Agusta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk sun mutu. Na keji sun zube a ƙasa kamar an watsa baƙin zare, na cikin ruwa sun miƙe.

Ashe Yaya ba ta tafiya ko'ina sai da kwalbar fiya-fiya a jakarta. Kafin ta kwanta ta yayyafa a ɗakinta, sannan don kirki ta bi lungun ta yayyafa, har bakin ƙofar Sadiya. Na tsaya riƙe da keji. Ba a ɗaga murya ga wadda ta goya mutum. Da na yi mata bayani a hankali, dariya ta yi har da tafa hannu. "Audu, ka ga ni da kwalba guda na gama da su dut. Mi za a kai Kalgo?" Na ce fiya-fiya gubar gona ce, ba a yi ta don ɗaki ba, abin da ta yi wa sauro tana taɓa ƙirjin yaro da shi sannu a hankali. Ta ce karatun takardu ne ya sa ni tsoron inuwata.

Indo ce ta yi magana, ba ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ba. Ta gaya mata jijjigar Sadiya ta bara: yadda idanu suka kafe, yadda aka ɗaura mata ruwa kwana biyu. Mun ɓoye wa Yaya a lokacin saboda hawan jininta. Yaya ta kira yarinyar ta zaunar da ita a cinya tana tsefe mata kitso wanda bai ma tsufa ba.

Ban buɗe shago ba. Kwana shida suka rage, kuma daga ƙaramar tsutsa zuwa sauro ya fi haka.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ina dawowa daga sallar asuba na tarar da Yaya a zaure. "Bayan gidana, inda shanun Fulani ka wucewa zuwa mashaya, sawunsu cike shike da abin ga naka. Tashi ka tahi tun rana ba ta shanye ba." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma na san a wurinta ban haƙuri ne.

Na roƙi Atiku ya kai ni, bai yi gardama ba, ko zolaya ɗaya bai yi ba har muka fita gari. A Dalijan muka samu kamar yadda ta faɗa: kowane sawun kofato da ɗan ruwansa mai ɗumi, kuma yawancinsu manya ne, da yawa har sun naɗe! Waɗannan kwana ɗaya ko biyu za su fashe. Alhamdulillahi! Na durƙusa a cikin taɓo da farin wandona ban ko lura ba. Atiku da kansa ya karɓi bututun yana tsotsowa, yana cewa, "Wanga na kwance ne ko na rataye, Tela?" A dawowa na rungume jarkar da muka zuba su, ya tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da mai naƙuda.

Na mai da su ɗakina. Yaya ta miƙa wa Indo kwalbar, ta ce a ajiye mata nesa har ranar tafiyarta. Ta yarda ta kwana a gidan sauro, tana mita wai an sa ta a koma kamar kifin Argungu.

Asabar, 23 ga Agusta

Suna ta fitowa. Na ƙidaya matan sau uku, kowane ƙidaya da abin da ya ba ni, domin ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ina zaton sun kai. Ina zaton.

Lahadi, 24 ga Agusta

Jikin Sadiya ya yi zafi da rana. Mun kai ta asibiti nan take, aka ɗiga jininta a kan ɗan abin gwaji, layi biyu suka fito. Zazzaɓin cizon sauro ne. An ba ta magani, ta sha, ba ta amayar ba.

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, wai sauron da nake kiwo ne ya cije ta. Na san ba haka ba ne: sauron da bai taɓa cizon mai cuta ba babu abin da yake ɗauke da shi, kuma cizon da ya kawo wannan zazzaɓi ya riga kiwona. Na sani sarai. Duk da haka na bi ɗinkin kejin da yatsa, kusurwa-kusurwa. Yaya ce ta fita ƙofar gida ta amsa wa mata. Ban ji duka ba, na dai ji, "Wadda ta san abin da ƙanena ka yi, ta shigo ta gwada man." Babu wadda ta shigo.

Litinin, 25 ga Agusta

Ta sha kunu, ta nemi ƙosai. Zafin ya sauka.

Talata, 26 ga Agusta

Na naɗe kejin da jiƙaƙƙen tawul kamar yadda aka umarce ni, ni da Atiku muka bi ta Birnin Kebbi. Duk ramin da babur ya faɗa sai in ji a haƙarƙarina. Mun same su a wani ɗaki da aka ara musu a Kalgo. Malam Elisha ya ɗaga tawul, ya leƙa, ya yi fito. "Dakta, zo ki ga kiwo! Namu ma ba su yi wannan kyau ba." Wallahi ko ranar da na ɗinka babbar rigata ta farko ban ji abin da na ji ba. Matan sun kai, har da ragowa.

Ga yadda ake yi, na rubuta don kada in manta. Akwai bututai na roba masu haske, an shimfiɗa takarda a cikinsu. Wasu takardun an jiƙa su da tsohon magani daidai gwargwado, wasu kuma babu komai a jikinsu, don a san ko wahalar hanya ce ta kashe sauro ba magani ba. Wannan hikima ta burge ni ƙwarai. Wanda ya tsara ta mutum ne mai tsoron yaudarar kansa. Ana hura sauro a ciki su yi awa guda, a mai da su wuri mai tsabta, a ba su ruwan sukari, gobe a ƙidaya. Ragowar kuma aka kifa su a ƙarƙashin 'yan mazurai a kan ƙyallayen da aka yanko daga sabon gidan sauron nan mai magani biyu. Shi nasa maganin a hankali yake ci, ba ya kayarwa nan take, ƙarfin jikin sauron yake tsotsewa, sai bayan kwana uku ake sanin gaskiya. Gidan da aka yanka yana ajiye a lungu cikin leda, da tagogi huɗu ko biyar a jikinsa. Na taɓa shi da ɗan yatsa. Saƙarsa mai kyau ce.

A cikin awar nan na kama kaina ina abin mamaki. Ina tsaye a kan bututun ina cewa a zuci, ku riƙe, kada ku faɗi, ku nuna musu. Kamar mai goyon bayan ɗan kokawar unguwarsu. Kaɗan ne suka faɗi.

Na tambayi Dakta maganar Atiku. Ta ce ba a ce manomi ya daina feshi ba, a dai riƙa sauya irin maganin, a bi ma'auni, kada a wanke tankin feshi a kududdufi. Atiku ya ce na ƙarshen zai iya.

Laraba, 27 ga Agusta

Na koma ni kaɗai a motar haya. Malam Elisha ya zazzage matattun a kan farar takarda yana ƙidayawa da ɗan hantsaki, Dakta tana rubutawa. Na bututun da babu magani duk suna raye, wato kiwona ba shi da aibi. Na tsohon magani kuwa, waɗanda suka mutu ba su kai rabi ba. Sauran suna manne a raga suna shan sukari.

Na ce "Allahu Akbar!" da ƙarfi har wata ma'aikaciya ta leƙo. Na kama hannun Malam Elisha da hannu biyu ina girgizawa. Shekara biyu! Ba mafarki na yi ba, ba tsoro ba ne, ba yawan karatun takardu ba ne. Ga shi a rubuce da hannun likita.

Dakta ta yi murmushi kaɗan, ba irin nawa ba. Ta ce, "Ka yi gaskiya, Malam. Da ma ba ka yi ba."

Sai a mota, bayan mun wuce Birnin Kebbi, maganar ta iso ni. Waɗannan da na yi wa kabbara, 'yan uwansu ne za su sauka a kan ragar Sadiya yau.

Juma'a, 29 ga Agusta

Bayan an sauko daga masallaci Dakta ta kira ni a waya. Waɗanda aka kifa a kan sabon gidan sauro kusan duk sun mutu. Yana aiki! Yana aiki a kan sauron Dalijan, na sawun shanu, masu taurin ran nan! Na maimaita wa Indo, na maimaita wa Yaya wadda ta ɗage tafiyarta saboda Sadiya, wannan karon babu wadda ta ce ta ji. Sai dai Dakta ta ce ita rahoto kawai za ta rubuta. Rabon gidan sauro ba a hannunta yake ba, kuma ba lallai ya zo bana ba. Ranar Litinin za su tashi. Akwai abin da na so in faɗa a wayar, harshena ya ƙi.

Ɗazu ina kan keke sauro ya sauka a bayan hannuna. Na tsaya na duba yadda ya ɗaga bayansa sama, na duba ko akwai gashin baki. Mace ce. Sannan na kashe ta. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Ban taɓa roƙon kowa abin hannunsa ba, Indo shaida ce. Amma na rubuta takarda, Atiku zai kai Kalgo gobe da safe. Ga abin da ke ciki, bayan gaisuwa da neman afuwar damun ta:

1. Ina roƙon a sanya sunan Dalijan a cikin rahoton daidai, domin daga can aka ɗebo su, ba daga cikin gari ba.

2. Idan baɗi ana bukatar mai kiwo a wannan yanki, kejin yana nan, ban warware ɗinkinsa ba.

3. Gidan sauron nan da aka yanka, wanda ke cikin leda a lungu: idan dokar aikinku ba ta hana ba, kuma idan zubar da shi za a yi, ina roƙon a ba ni. Tagogin da ke jikinsa ba su fi ƙarfina ba. Zan rage tsawonsa in toshe su da jikinsa, abin da ya saura zai rufe yarinya 'yar shekara shida.

Ina jiran amsa a rubuce, ko da layi ɗaya ne, a hannun mai kawo wannan takarda. Na ce masa kada ya taso sai da ita.